Filin Mata: Yadda A Ke Ɗibar Irin Barkono Da Adana Shi

Wata 'yar'uwa daga Darki, ƙasar Wudil, ta aiko mana da takarda tana kuka da irin attarugu. Ta ce bara ta yafa iri cike da murfin kwalba a bayan ɗakinta, ta yi ta ban ruwa har mako huɗu, amma abin da ya tsiro bai kai gindi goma ba. Ta tambaya ko ƙasar ce ba ta karɓa, ko kuwa hannunta ne ba shi da albarka. Can ƙarshen takardar ta faɗi abin da ya warware mana zancen, watau irin nan ta kakkaɓo shi ne daga ragowar busasshen attarugun miya da aka sayo mata a kasuwa.

To, 'yar'uwa, ƙasarku ba ta da laifi. Duk wadda ta taɓa ganin kayan lambun da a ke kawowa ranar kasuwar Darki, ko wanda a ke nomawa a fadamun bakin kogin Wudil, ta san ƙasar nan tana karɓar barkono ƙwarai. Hannunki ma lafiyarsa lau. Irin ne ya mutu tun kafin ya shigo gidanki, ke kuwa kika yi mako huɗu kina shayar da gawa. Da ya ke mata da yawa suna faɗawa cikin wannan hasara, a wannan mako za mu ba da filin duka ga zancen iri. In na ce barkono ina nufin danginsa duka: tattasai, da attarugu, da shambo, da ɗan ƙaramin nan tsiduhu.

Ƙwayar iri abu ce mai rai. Barci ta ke yi, kuma abu biyu ke kashe ta cikin barcin nan, zafi da laima. Ku dubi yadda a ke busar da barkonon sayarwa: a shanya shi a tsakiyar rana bisa rufin kwano, ko kan siminti, ko a gefen kwalta inda zafin ya fi ƙarfin tafin ƙafa. Wannan ya yi daidai ga mai son yaji, gama ba ruwansa da ran ƙwayar. Sa'an nan cikin buhu guda akwai nunanne, akwai wanda aka tsinka bai gama nuna ba, akwai na gonar wane da na gonar wane, wani ma ya kwana biyu a rumbu ba wanda ya san shekarunsa. Wani lokaci a kan dace ya tsiro, amma uwargida mai tattali ba ta jingina miyar shekara guda ga dace.

Miyar shekara kuwa ba abin wasa ba ce. Ba mu manta da 2024 ba, sa'ad da tumatir da attarugu suka yi tsadar da ta sa gidaje da yawa suka haƙura da jar miya. Gindi goma ko goma sha biyar a bayan ɗaki, ko cikin tsofaffin buhuna da fasassun robobi, sun isa su rage wa maigida kuɗin cefane na watanni, har a sami na daka yaji. Kuma aiki ne da mace za ta yi ba ta taka ƙofar gida ba.

Babban abin da na ke so ku riƙe shi ne, a jikin shuka a ke zaɓen iri tun tana tsaye. Ga yadda yawancinmu mu ke yi. Barkono ya fara nuna, sai mu tsinke manya-manyan mu sa a miya, mu aika wa maƙwabta, mu sayar da saura. Sai kaka ta ƙare, ganye ya fara zuba, sa'an nan mu tuna da iri, mu tattara 'yan ƙanƙanannun da suka rage a reshe mu ce na baɗi ke nan. Ashe kuwa mun cinye na kirki mun ajiye rarrauna. In aka yi haka shekara uku a jere, sai a ji mace tana cewa irinta ya gaji. Ba gajiya ya yi ba, kowace shekara mafi lalacewa a ke zaɓa masa ya zama uwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma gurguwar shuka ba ta haifar ƙaƙƙarfa.

Saboda haka tun barkono yana fure ki riƙa zagayawa kina dubawa. Nemi gindin da ya fi sauran ƙarfi, ganyensa kore shar kuma a shimfiɗe, wanda ya fara 'ya'ya da wuri, ya kuma yi su da yawa. Duk wanda ganyensa ya nannaɗe, ko ya yi dabbare-dabbaren rawaya, ko baƙaƙen ɗigo, ki ƙyale shi ko da ya yi ɗa guda mai kyan gani, domin akwai cututtukan da ke bin ƙwaya su fito a shukar baɗi. Ɗa ɗaya ƙato a jikin shuka maras lafiya bai kai matsakaita ashirin a jikin lafiyayya ba. In kin sami waɗanda suka yi miki, ɗaura wa kowanne ɗan tsumma ja, ki gaya wa yara da duk mai shiga tsinkar na miya cewa mai tsumma ba a taɓa shi. Kada ki tsaya kan gindi guda. Biyar ko shida sun fi, don in ɗaya yana da wani aibi a ɓoye sauran su rufe.

Daga kowane gindi ki bar 'ya'yan tsinkar farko ko ta biyu, lokacin da shukar ke da cikakken ƙarfinta. Na san da zafi a ga tattasai ja wur, ga tukunya bisa murhu, a ce ba za a taɓa ba. Amma ba yawa a ke bukata ba. Tattasai guda mai kyau ya kan ɗauki ƙwaya ɗari ko fiye, don haka 'ya'ya biyu ko uku daga kowane gindi sun wadatar da gida har a ba 'yan'uwa.

Sai zancen nuna. Na miya a kan tsinke shi da ya fara ja, na iri kuwa sai ya nuna sarai, ja ko rawaya gwargwadon irinsa, babu sauran kore ko kaɗan, har fatarsa ta fara laushi tana ɗan yamutsewa. Koren tattasai ɗanye ne, ƙwayarsa ba ta ƙosa ba, ko kin shuka ta wahala za ki yi. Bayan kin tsinka, ajiye su a inuwa kamar kwana biyar ko mako guda kafin ki fasa, gama ƙwayar tana ci gaba da ƙosawa a ciki. Amma wanda ya ruɓe, ko tsutsa ta huda, ko ya yi funfuna, a yar da shi.

Yanzu ga wani abu da ke ba mata mamaki. Mace ta ɗebi iri daga tattasai mai sanyi, baɗi ta shuka, sai ga shi ya fito da zafi kamar shambo, ta ce an musanya mata. Ba wanda ya musanya. 'Yan makaranta sun san cewa cikin fure akwai wata 'yar ƙura, wadda sai ta faɗa kan tsakiyar furen sa'an nan a sami ɗa. Furen barkono ya kan wadatu da ƙurar kansa, amma ƙudan zuma da sauran ƙwari suna yawo daga wannan fure zuwa wancan da ƙurar a jikinsu. In tattasai yana kusa da shambo, sai su haɗa su aure ba da sanin mai lambu ba. Ɗan da ke reshe a wannan shekara ba ya sake kama ko ɗanɗano, sai ƙwayar da ke cikinsa ce ta zama ruwa biyu. Zafi kuwa ya rinjayi sanyi wajen gado, shi ya sa jikokin su kan fito da yaji. Tattasai da shambo 'yan ɗaki ɗaya ne a wurin masana tsirrai, suna haɗuwa da sauƙi. Attarugu ɗan wani ɗaki ne, bai cika haɗuwa da su ba, ko da ya ke a kan samu jefi-jefi.

Masu manyan gonakin iri suna raba su da tazara mai nisa, abin da ba shi yiwuwa a tsakar gida. Dabarar da ta dace da mu ita ce ta gidan sauro. Ki yanko ƙyalle daga tsohon gidan sauro wanda aka wanke, ko wani yadi shara-shara, ki lulluɓe reshe guda tun furensa bai buɗe ba, ki ɗaure bakin da zare. In akwai furen da ya riga ya buɗe a reshen, tsinke shi tukuna. Kowace safiya ki ɗan girgiza reshen a hankali don ƙurar ta zuba a cikin furen. Da kin ga 'ya'ya sun ƙulla, sai ki kwance ƙyallen, ki ɗaura wa waɗannan 'ya'yan zare don ki gane su ranar tsinka. Wadda iri ɗaya kaɗai ta shuka, maƙwabta kuma ba su da wani kusa, ba ta da bukatar wannan wahala.

Bari in ɗan ratse saboda 'yan makaranta. Duk da barkono ya zama ɗan gida har ba mu iya tunanin miya ba shi, asalinsa baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, wajen Meksiko da ƙasashen kudu da ita, kuma bai ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Jiragen Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi gaɓar Afirka da Indiya. Kafin nan masoro da kimba da citta su ne yajin kakanninmu. Tun daga lokacin, abin da ya riƙe barkono a ƙasar Hausa shi ne hannun manoma da matan gida, kowa yana ɗibar iri yana miƙa wa na baya.

Akwai kuma irin kanti, wanda a ke sayarwa cikin 'yar fakiti ko gwangwani. In kin ga an rubuta F1 a jiki, wannan shi ne iri mai aure, kamar masara mai aure da maza suka sani. Kamfani ne ya haɗa uwa da uba da gangan, ɗan farko ya fito da yawan 'ya'ya da kyan gani. Amma in kika ɗebi iri daga gare shi, na baɗi sai su warwatse, wani dogo wani gajere, wani ya bi kaka wani ya bi kakan kaka. Ba cuta ba ce, haka halittarsa ta ke, kowace shekara sabo a ke saye. Wanda ya dace da ajiya shi ne irin gida da aka daɗe ana juyawa a wuri guda, ko irin kanti wanda ba mai aure ba. Ku kuma lura, irin kanti ya kan zo da launi, ja ko shuɗi ko kore. Magani ne aka shafa masa, guba ne, a nisanta shi da yara da kaji.

To, ranar fasawa. Zafin barkono ba a ƙwayar ya ke ba kamar yadda a ke zato, yana jikin farar jijiyar nan da ƙwayoyin ke manne da ita, kuma ita za ki taɓa. In attarugu ne ko tsiduhu, sa hannunki cikin leda, ki yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da jariri. In ya taɓa ki, ruwa kaɗai ba ya fid da shi. Shafa man gyaɗa tukuna, sa'an nan ki wanke da sabulu, kuma ranar nan a yi hankali da ido da wajen ba yaro mama. Mai cin taba ko mai goga fure a haƙori ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa iri ko shukar, domin akwai ciwon ganyen taba da ke kama barkono.

Tsaga ɗan da wuƙa mai tsabta, ki karkaɗe ƙwayoyin a faranti. Naman kuwa ya tafi tukunya, ba a yi hasarar kome ba. Ƙwaya mai kyau tana da kauri, launinta fari-fari mai ɗan rawaya. Baƙa, da mai baƙin baki, da siririya kamar ƙaiƙayi, duk a tsince a zubar. In kina so, zuba su cikin ƙwaryar ruwa nan take ki motsa. Masu nauyi za su nutse, holoƙo su taso, sai ki tsiyaye na saman. Wannan gwaji na ɗanyen iri ne kaɗai, gama busasshe ya kan taso ko da lafiyarsa lau. Kada kuma ki bar su cikin ruwan, ki tsame maza ki baza.

A inuwa a ke shanya iri, inda iska ke wucewa, kamar rumfa ko bakin taga. Baza shi bisa faifai ko takarda, kada wani ya hau kan wani, ki riƙa motsawa da yatsa kowace rana don kada su manne. Da dare a shigar da shi ɗaki saboda raɓa da ɓeraye. Da hunturu mako guda ya isa. In kuwa da sauran damina, sai ya kai mako biyu. Ga yadda za ki gane ya bushe: ɗauki ƙwaya guda ki lanƙwasa da farce. In ta karye ƙas, ta yi. In ta tanƙwaru, da saura. Wasu su kan tsire barkonon a zare su rataye shi ɗungum a inuwa har lokacin shuka. Ga shambo da tsiduhu masu siririyar fata wannan yana yi. Tattasai da attarugu kuwa namansu da kauri, su kan yi funfuna daga ciki ba a sani ba.

Wajen ajiya nan ne a ke yawan yin ɓarna. Wani masanin iri Ba'amurke mai suna Harrington ya ba da wani ƙiyasi da masu aikin iri ke amfani da shi har yau. Ya ce duk sa'ad da laimar cikin ƙwaya ta ragu da kashi 1 cikin 100, kwananta ya kan ninka, haka kuma duk sa'ad da zafin wurin ajiya ya sauka da digiri 5. Ku auna wannan da bazarar ƙasar Kano, inda zafin Afrilu ke kai digiri 40, ku ga abin da ke samun irin da aka cusa a leda aka soke a jikin rufin kwano, ko aka rataye bisa murhu. Rataya bisa hayaƙi dabarar zangarniyar gero ce da masara, ba ta barkono ba. A ƙasar Norwe, can tsibirin Svalbard, an buɗe wani rumbun iri cikin dutse a 2008, inda a ke ajiye irin amfanin gona na duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Mu ba mu da dutsen ƙanƙara, amma muna da ƙarƙashin gado a ɗakin ƙasa, da tsohuwar tukunya busasshiya a lungu mai duhu.

Ga yadda za ki yi. Ƙunshe irin cikin takarda, kowane iri da ƙunshinsa. Samo kwalba mai murfi mai kamawa, wadda ta bushe sarai, ki zuba tokar itace da aka tankaɗe ta huce, kamar cokali biyu, ki ɗora ƙunshin a kai ki rufe tam. Tokar tana shan laima, ƙwari kuma ba su son ta. Leda ita kaɗai ba ta da amana, in da 'yar laima a ciki sai ta riƙe ta har irin ya ruɓe. Masu firiji suna iya sa kwalbar a ciki, ban da wurin ƙanƙara, amma in an fito da ita a bari ta huce kafin a buɗe, don kada gumi ya sauka kan irin.

Nan 'yan makaranta ke da aiki. Ki rubuta wa Inna a jikin kowane ƙunshi sunan irin, da wata, da shekara, da inda aka samo shi. Ƙwayar tattasai da ta shambo kamarsu ɗaya in sun bushe, mai cewa za ta tuna kuwa ba ta tunawa. Irin barkono ba shi da dogon kwana kamar na kuɓewa ko yakuwa. A zafin ƙasarmu, shekara ɗaya zuwa biyu shi ne abin dogara, bayan nan sai ya yi ta raguwa. Saboda haka a sabunta shi kowace shekara, amma kada a yafa duka a tashi ɗaya. A rage sulusi a kwalba ko da kaji za su tone na farko, ko ruwa ya tafi da shi.

Saura gwaji, wanda da 'yar'uwarmu ta Darki ta yi shi da ba ta yi hasarar mako huɗu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son dashe da saukar damina cikin Yuni, reno ta ke yi tun ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, gama ɗan barkono ya kan yi mako biyar zuwa shida kafin ya isa dashe, attarugu ma ya fi haka. Don haka gwaji tun farkon Afrilu ne. Masu noman rani kuwa su gwada cikin Agusta. Ƙirga ƙwaya 20, ba zaɓe, ki jera su kan tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, ki naɗe, ki sa a kwano ki rufe, ki ajiye inda ba rana. Kullum ki duba kada tsumman ya bushe, kada kuma ya yi ruwa tsamo-tsamo. Tattasai da shambo su kan fasa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Attarugu mai nawa ne, a ba shi har mako uku kafin a yanke masa hukunci, balle in da sanyi.

Sa'an nan a yi lissafi. In 16 ko fiye suka fito da farin tsiro, watau kashi 80 cikin 100, irinki yana da kyau, ki yafa shi sama-sama. In 10 ne, rabi ke nan, sai ki ninka abin da za ki yafa. In bai kai 6 ba, kada ki ɓata ruwanki, ki nemi wani tun da sauran lokaci. Wurin nema na farko shi ne maƙwabciyar da kika ga barkononta da idonki yana tsaye, ki roƙi nunannun 'ya'ya ki fasa da kanki. In babu, a aiki maigida wurin malamin gona na hukumar KNARDA, ko wurin mai sayar da iri wanda fakitinsa ke ɗauke da ranar da aka ɗura shi. A tuna masa ya karanta ranar kafin ya biya.

Wajen yafawa kuma kada a binne shi da zurfi. Kaurin farce biyu na ƙasa mai laushi ya isa, a rufe da ɗan ciyayi, a yayyafa ruwa da hannu safe da yamma, ban da ruwan wanke-wanke mai sabulu. Da tsiro ya leƙo sai a ɗauke ciyayin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen dashe, da yadda a ke kare 'yan shuka daga kaji da awaki a gidan da ba shinge. Wadda ke da tambaya ta aiko da takarda, ta kuma faɗi garinsu da irin barkonon da ta ke shukawa.